Shukar da Rose Ta Bar wa Fanta

Ranar da Rose Udo za ta bar Jalingo, sai da aka gama loda kayanta a babbar mota sannan ta tsallako gidan Malama Fanta rungume da wani tsohon bokitin fenti. Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka a unguwar Turaki, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Rose 'yar Eket ce, can kudu kusa da teku. Aikin gwajin jini a asibiti ya kawo ta Taraba tun tana amarya, yanzu kuma ta yi ritaya za ta koma gida. Fanta kuwa a nan aka haife ta, a nan ta koyar da 'yan firamare har ta ajiye alli.

Duk layin an san tsakar gidan Rose da furanni. A makon nan ta rarraba su ga matan cocinsu, saura wannan shuka guda da ke cikin bokiti. Ganyenta huɗu ne, dogaye masu kauri, kamar na ƙaramar ayaba, sai dai sun fi tauri, koren nasu kuma ya ja toka-toka.

"Adda, wannan naki ne," in ji Rose. Tun zuwanta take kiran Fanta da Adda, kamar yadda ta ji ƙannen Fanta suna yi. "Daga gidan mamana na kawo. Shekara biyu ke nan ba fure. Amma zai zo."

"Haba Maman Precious, ni da ban taɓa shuka komai ba sai yakuwa da karkashi? Kashe miki ita zan yi."

"Ba za ki kashe ba. Ke da kika yi haƙuri da yaran mutane shekara talatin."

"To wane irin fure take yi?"

Rose ta ajiye bokitin, ta lanƙwasa hannu ɗaya, ta baza yatsun ɗayan a kansa, sai kuma ta saki hannuwan tana dariya. "Ba zai faɗu ba. Turawa suna ce masa tsuntsun Aljanna. Kar ki nema a waya, Adda. Ki jira ki gani da idonki."

Direba ya danna ham. Suka rungume juna a bakin ƙofa, kowacce tana share ido da gefen mayafi, mota ta tashi.

Fanta ta ɗauki amanar da gaske. Ta kai bokitin ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, inda rana ba ta sauka, don a ganinta abin da ya fito daga ƙasar ruwa ba zai jure zafin Jalingo ba. Ba a yi sati ba akuyar mijinta ta kwance ta yage rabin ganye guda. Mijin nata, Malam Manga, tsohon ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ne, kuma ko da ya yi ritaya bai rabu da awaki ba. Ranar nan sai da ya bar abincinsa ya je ya samo waya ya kewaye gindin mangwaron kafin a yi masa magana mai daɗi a gidan.

Da watan Maris ya zo, famfo ya ɗauke, ƙasa ta yi zafi har ba a taka ta ba takalmi. Fanta ta riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na alwala a tsohuwar roba tana ba shukar safe da yamma. Duk da haka bakin ganyen ya ƙone, ya tsattsage. Damina ta sauka, sabon ganye ɗaya ya fito a nannaɗe kamar tabarma, ya ɗauki kwana tara kafin ya buɗe. Ta kira Rose ta gaya mata.

"Fure fa?" in ji Rose.

"Ganye dai."

"To ganye ma wani abu ne."

Ganin bokitin fenti bai dace da amanar ƙawarta ba, sai ta je Kasuwar Jalingo ta zaɓo tukunyar ƙasa mai faɗi ta mayar da shukar ciki. Bayan wata takwas ta ga kamar tukunyar ta yi mata kaɗan, ta sa aka yanka mata rabin duro. Kowane sauyi sai ta ƙara zurfafa gindin, ta tula masa taki har wuya, don kada iska ta kayar da ita.

A cikin jiran nan ne hannunta ya faɗa da shuke-shuke. Ta karɓo reshen wata shuka mai hawa katanga, mai fure ja shara-shara kamar takarda, cikin shekara guda ta lulluɓe saman ƙofar gida. Malam Manga da kansa ya tono mata itacen kariya daga gindin dutse a hanyar ƙauyensu, ita ma ta yi fure tsakiyar rani ba ko ganye a jikinta. Har mata suka fara zuwa roƙon reshe. Amma ta Rose tana nan cikin duro, ganye shida, wani lokaci bakwai, ba ta ce komai ba.

"Malama," Malam Manga yakan ce in ya dawo daga masallaci ya tarar da ita a tsugune, "yaushe ne za mu ci ayabar nan taki?"

"Ba ayaba ba ce, Malam."

"Ai na ga alama. Ayaba da tuni ta haihu sau uku."

Shekara uku ana haka. Sai ga waya daga Eket: za a aurar da Precious, 'yar Rose ɗaya tilo, wadda ta yi rarrafe a tsakar gidan Fanta, ta kuma iya Fillanci kafin ta iya yaren uwarta. Rose ta ce in Adda da Baba Manga ba su zo ba, to su sani ba a yi bikin ba.

Kwana biyu suka yi a hanya. Daga Wukari zuwa Katsina-Ala ƙasa ce da suka sani. Daga nan gaba sai bishiyoyi suka fara tsawo suna matsowa bakin titi, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki. Fanta ba ta taɓa wuce Makurɗi ba. Ta manne da gilashi tana kallon yadda ciyawa ke tsirowa har a kan rufin gidaje.

Aka yi biki lafiya. Precious ta durƙusa gaban Fanta da farar rigarta ta gaishe ta da Fillanci, dangin ango suna ta mamaki. Washegari da safe Rose ta shigo ɗakin da aka sauke su ta ce su shirya, yayanta Zacchaeus zai kai su bakin teku a Ibeno su wuni, su dawo da yamma. Zacchaeus dattijo ne siriri mai furfura, ya yi shekaru yana kula da lambun wani otal kafin gwiwa ta hana shi. Ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai dai shi da Malam Manga suka riƙa lallaɓawa da Turanci, inda ya kakare Rose ta fassara.

A mota Malam Manga ya gyara zama ya ce shi dai ya san babban ruwa. "Na haye Binuwai a Ibi shekarar da ta yi cikar da ba a taɓa gani ba. Da ƙyar kake hango ɗaya gaɓar."

Rose ta fassara wa yayanta. Zacchaeus ya gyaɗa kai cikin ladabi.

Ba su kai awa guda ba ya tsaya gindin wasu bishiyoyin kwakwa. Da Fanta ta buɗe ƙofa, wata ƙara ce ta fara tarbar ta, mai nauyi, tana zuwa tana komawa. Ta ɗaga kai ta duba sama ko hadari ne, ta ga sama garau. Iskar kuma tana da wani wari-wari da ba ta san shi ba, ba na kogi ba ne, ba na kasuwar kifi ba. Suka hau wani tudun yashi, takalminta yana nutsewa. Tana kaiwa sama ta tsaya cak.

Ƙasa ta ƙare. Daga ƙafarta yashi ya gangara, daga yashi sai ruwa, daga ruwa kuma babu komai sai sama. Ta duba dama, ta duba hagu, ba dutse, ba bishiya, ba wani abu da ido zai riƙe. Kusa da gaɓa ruwan yana tashi kamar katanga, ya lanƙwaso, ya faɗi da rugugi, ya bazu fari fat a kan yashi, ya ja da baya, kafin ya gama komawa wani ya taso. Ba iska mai ƙarfi, ba wanda ke tura shi.

Shekara talatin tana zana taswirar duniya a allo, tana cika gefen da shuɗin alli, tana sa yara su maimaita cewa ruwa ya fi ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Ta faɗa sau ɗari, ta ba da maki a kai. Yanzu ta gane ba ta san abin da take faɗa ba.

"Subhanallah," shi ne kawai ya fito daga bakinta, shi ma a hankali.

Malam Manga ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya juya wajen Zacchaeus ya tambaya da Turanci ina ɗaya gefen yake. Dattijon ya miƙa hannu gaba ya ce in ka bi nan sak, ba za ka sake taka ƙasa ba sai ka kai ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Malam Manga bai ƙara ambaton Ibi ba.

Rose ta kama hannun Fanta. "Zo ki taɓa, Adda."

"A'a, daga nan ma ina gani."

"Kin yi tafiyar kwana biyu. Zo."

Suka ajiye takalma can sama inda yashi yake a bushe, Fanta ta tattare zaninta zuwa ƙwauri. Kumfar farko ta zo ta lashi yatsunta, da ɗumi, ba sanyi kamar yadda ta zata ba. Ta biyu ta kai idon sawu. Da ruwan ya juya zai koma, sai ta ji yashin da take tsaye a kai yana zarewa daga ƙarƙashin dugaduganta, kamar ana janye mata tabarma. Ta ƙwala ihu ta ƙanƙame Rose, su biyu suka kusa faɗuwa, suka ɓarke da dariya irin wadda rabonsu da ita tun suna da ƙananan yara.

Sun daɗe a wurin. Sun kalli masunta sun fi goma suna jan igiyar koma guda, suna waƙa, suna ja da baya taki ɗaya ɗaya, har ragar ta fito da kifaye masu ƙyalli da wasu halittun da Malam Manga, duk da shekarunsa cikin dabbobi, bai san sunan ko ɗaya ba. Ya tsuguna yana juya wata mai ƙafafu da yawa da tsinke. Ƙananan kaguwa farare suna fitowa daga ramuka su ruga a karkace, in ka matsa su ɓace kamar ba a yi su ba.

Da azahar ta yi, Fanta ta tuna karatun da aka yi musu a Islamiyya cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. A lokacin ta ɗauke shi cikin irin karatun da mutum ba zai taɓa buƙata ba. Ta durƙusa ta ɗebo da tafi biyu ta kai baki. Gishirin ya sa ta runtse ido, ya shiga hanci ya yi mata yaji, amma ta ƙarasa. Suka shimfiɗa mayafi gindin kwakwa ita da mijinta suka yi salla, Rose da yayanta suna zaune gefe suna jiransu da gasasshen kifi a ganye.

Da suka koma ɗaukar takalma, suka tarar ruwa ya iso wurin, ɗaya na Fanta yana yawo cikin kumfa. Zacchaeus ya tsamo shi.

"Nan fa busasshe ne ɗazu," in ji Fanta.

"Haka yake yi," in ji Rose. "Ya hau, ya sauka. Sau biyu kullum. Tun ina yarinya bai taɓa fashi ba."

Fanta ta tsaya da jiƙaƙƙen takalmi a hannu tana kallonsa. Tana Jalingo tana wanke-wanke, tana gyara littattafan yara, tana jinya, tana biki, duk shekarun nan wannan abu yana nan yana hawa yana sauka.

An shirya washegari za a kai su babbar kasuwa su yi tsaraba. Fanta ta ce in ba damuwa, ita dai a mayar da ita bakin ruwan. Malam Manga ya yi saurin cewa shi ma ba ya buƙatar komai a kasuwa. Suka sake wuni a can. Wannan karon ba ta yi ihu ba. Ta samu wuri ta zauna, tana kallon ruwan har la'asar.

Da safen da za su tafi ne Zacchaeus ya ce a kawo masa matar da ke riƙe da 'yar shukar mamansu. Ya zagaya da ita bayan tsohon gidan. Ga uwar shukar nan, ta yi dandazo ta kai ƙirjin mutum, faɗinta ya kai ɗaki, ganye ya cushe cikin ganye. Furen ya wuce wata biyu da suka shige, sai busassun karare. Fanta ta nuna masa hoton tata a waya. Ya daɗe yana dubawa, ya buɗe hoton da yatsu, sannan ya fara tambaya, Rose tana fassarawa.

"Ya ce sau nawa kika canza mata wuri?"

"Sau biyu. Uku in an haɗa da ranar da na juya duron."

Dattijon ya dafe kai. Ya tsuguna da ƙyar, ya share ƙasa a gindin uwar da hannu, ya nuna mata yadda saiwoyin suke kwance kusan a fili, masu kauri kamar rogo.

"Ya ce kin binne mata wuya," in ji Rose tana danne dariya. "Ya ce kin ɓoye ta a inuwa kamar mara lafiya. Tana son ranar safe. Kuma duk lokacin da aka taɓa saiwarta, sai ta koma farko, ta yi shekara biyu tana fushi. Ya ce ki fitar da ita sau ɗaya, ki sa ta a ƙasa, ki ba ta ruwa, ki ƙyale ta. Ko kin ga ta cushe, haka take so."

"Ashe ni ce na hana ta."

Da aka fassara masa, Zacchaeus ya girgiza kai. Ya ce wanda ya raya wannan shuka shekara uku a garin da ruwa ke ɗaukewa wata biyar, ba a ce ya hana ta komai ba.

Kwana biyu da komawarsu Jalingo, Malam Manga da kansa ya ɗauki diga ya haƙa rami jikin katangar yamma, inda rana ke sauka tun fitowarta, inuwa kuma ta rufe bayan azahar. Suka tsaga duron maimakon su tumɓuke ta, suka zaunar da ita sama-sama, wuyanta a waje. Daga nan sai abin da ya fi wa Fanta wuya, wato ta bar ta. Sau da yawa takan zo da ƙaramar fartanya ta tsaya a kanta, sai ta wuce ta huce a kan kariya. Rani ya zo ya ƙona ganye biyu. Damina ta zo, sababbi biyar suka fito, har da 'ya'ya biyu a gefe. Wani ranin ya sake zuwa, wata daminar ta bi shi.

A ƙarshen damina ta biyu, cikin watan Oktoba, tana ba da ruwa ta lura da wani kara da ya fito daga tsakiya wanda bai yi kama da ganye ba. Ba a nannaɗe yake ba, kansa kuma ya yi kumburi, ya yi tsini. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Rose. Kullum karan yana ƙara tsawo har ya wuce ganyen. Sannan kan ya fara sunkuyawa gefe a hankali, har ya kwanta sosai kamar baki mai tsawo, gefensa ya yi ja-ja. Ya tsaya a haka kwana goma sha ɗaya.

Ran na goma sha biyu, gari ya waye, ta fito da buta. Butar ta zame daga hannunta.

Bakin nan ya tsage ta sama. Daga cikinsa wasu fiffike uku sun miƙe tsaye, ruwan lemo mai haske kamar an kunna su, a gabansu kuma wani siririn harshe shuɗi, irin shuɗin da ba ta taɓa gani a jikin wani tsiro ba, yana nuna gaba kamar kibiya. Wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga daga tsagar. Duk abin ya tsaya kan dogon wuyansa yana fuskantar gabas, kai ka ce yanzu zai juyo ya dube ta.

"Malam," ta kira. "Malam, fito."

Ya fito da carbi a hannu. Ya zo ya tsaya kusa da ita, ya sunkuya, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya sake sunkuyawa.

"Gauraka," ya ce. "Wallahi kan gauraka ne, har da tukkun. Ikon Allah. A cikin ganyen nan wannan yake duk shekarun nan?"

Kafin hantsi labari ya zaga layin. Matan maƙwabta suka shigo da mayafai a karkace, wata tana riƙe da ludayi. Matar fasto da ke zaune a tsohon gidan Rose ta rantse na roba ne aka soka, sai da ta taɓa ruwan da ke ɗiga ta lasa ta ji zaƙi. Fanta ta hana kowa matsowa fiye da taki biyu.

Da mutane suka ragu ta kira Rose ta bidiyo. Ta juya wayar wajen furen kawai. Daga can aka ji ƙara, sai Rose tana kiran yayanta da yarensu, sai fuskokinsu biyu suka cushe a gilashin.

"Adda! Adda, kin gani? Na gaya miki ba zai faɗu ba!"

"Na gani, Maman Precious. Na gani."

Suna cikin haka wani ɗan tsuntsu mai siririn lanƙwasasshen baki, wuyansa yana walƙiya kore, ya sauko daga mangwaro. Ya yi shawagi sau biyu, ya sauka daidai kan shuɗin harshen nan. Nauyinsa na sauka harshen ya buɗe biyu, wani farin gari ya fito ya manne masa a ƙafafu, shi kuwa ya tura baki cikin tsagar yana sha abinsa. Da ya tashi, harshen ya koma ya rufe.

Sai Zacchaeus ya faɗi wani abu a hankali.

"Me ya ce?" in ji Fanta.

"Ya ce shekara arba'in yana jin ana cewa haka suke yi, bai taɓa kamawa da idonsa ba sai yau, a waya, daga Jalingo." Rose ta share fuska. "Ya ce kuma ki duba cikin bakin da kyau. Akwai wasu a kwance, huɗu ko biyar. Ɗaya bayan ɗaya za su fito."

Fanta ta miƙa wa mijinta wayar, ta durƙusa ta leƙa cikin tsagar. Suna nan kuwa, a jere, a naɗe, ruwan lemonsu yana ɗan leƙowa. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna. Malam Manga ya shiga kicin ya ɗora ruwan shayi da kansa.